Ramin da Aka Ware wa Ɗan Fari

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu. Duk wanda ya tashi a ƙasar Kurfai ya san abin da wannan yake nufi. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta cin abinci ina kallo, kuma tun ranar da na yi ɗakin kaina ba ta taɓa zama a cikinsa ba. In tana da magana da ni, sai ta gaya wa wanda yake kusa, ko da kaza ce: "A gaya ma wancan hadari na tahowa, ya duba rumbunshi." Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Na san haka tun ina ƙarami. Amma sanin abu daban, jin daɗinsa daban.

Ƙanena, autanmu, shekara goma sha tara na ba shi. Shi Inna take kira da suna uku, dukansu na wasa. Gida ɗaya muke a Filinge, zaure ɗaya. Ni ina gabas, shi yana yamma, ɗakin Inna yana tsakiya, amma ƙofarsa yamma take kallo. Ban ce komai ba lokacin da aka gina shi haka. Na dai lura.

Karatuna bai wuce sertifika ta firamare ba. Da ita na shiga aikin gwamnati, na yi shekaru ina buga takardu a biro, wato ofis, da keken rubutu tukuna, daga baya da ordinata, wato kwamfuta. Abu ɗaya aikin ya koya mini: komai yana da na farko, yana da na biyu, kuma wanda ya tsallake na farko sai ya dawo masa. Da na ajiye aiki na samu tsohuwar ordinata irin ta tebur, mai babban gilashi, na kafa ta a ɗakina ina buga wa mutane takardun da suke kai wa hukuma.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka. Muna da ƙanwa da ke aure a Kwatano, wadda ta saba zuwa kowace shekara bayan an yanke gero. Wannan shekarar ba ta zo ba. Inna ta rage cin abinci. Auta, wanda yake yawon kasuwanni da maganin dabbobi daga Tabla zuwa Bonkuku, ya tafi Yamai ya dawo da wani farin akwati mai ƙaho biyu, girmansa bai kai faifai ba. Ana sa masa sim kamar salula, ya jawo rezo, wato sabis, daga sama, ya raba wa wayoyin gida ta iska. Shi ne wifi.

Ranar da aka kawo shi, Auta ya zagaya gidan da salularsa a sama yana neman inda rezo ya fi ƙarfi. A wajena sanda ɗaya ta fito, ita ma tana zuwa tana tafiya. A ƙuryar ɗakinsa, kusa da taga, sanda huɗu cif. Can ne kuma yake da pano mai ɗaukar hasken rana, ga shi kuran na gari, wato wutar lantarki, ya zama sai ya ga dama. Ba wanda ya yi gardama, akwati ya zauna a yamma. Na koma wajena ina cewa a raina, har rezo ya san auta.

Daga nan kowace Juma'a bayan la'asar sai a shimfiɗa wa Inna tabarma a ƙofar Auta, a kira Kwatano, a miƙa mata salula ta ga fuskar ƴarta. Ni ina wajena ina jin su ta kan katanga. Dariyar da Inna take yi a wannan sa'a, ban taɓa jin ta yi irinta a gabas ba. Ba a hana ni zuwa ba. Auta ya aiko sau biyu a kira ni. Amma in na je Inna za ta ja mayafi ta yi shiru, dariyar ta mutu, kowa ya san ni na kashe ta.

Wata Juma'a na ji Inna tana cewa, "Auta, wanga abu naka ƙarami na. Huskarta kamar ƙwarar wake nike ganin ta." Idanunta sun yi rauni tun shekarun baya. Na juya na dubi gilashin ordinatata, wanda ya kai faɗin tire. A nan dabara ta zo mini, kuma ba zan ce don Inna kaɗai ba. So nake, sau ɗaya a rayuwata, ta zo gabas don wani abin da babu shi a yamma.

Iskar akwatin ba ta ƙetare katangu uku na laka, kuma ko ta ƙetare, ordinatata tsohuwa ce, ba ta da kunnen jin wifi. Sai da kabul, wato igiya mai waya a ciki, da za a soka baki ɗaya a bayan akwati, ɗaya a bayan ordinata. Na auna da ƙafata, taki arba'in da biyu. Na ba wani direban Yamai saƙo ya kawo mini kabul da ƴar kamara da ake maƙalawa a saman gilashi. Da hannuna na ja igiyar. Na bi da ita kan katanga, na kafa ƙusa kowane taki biyu, na haura da ita ta bayan rufin Inna, har bakin tagar Auta. A nan na tsaya.

Dole na tsaya. Akwatin yana ƙuryar ɗakin da matar Auta take kwana, ni kuwa yayan miji ne, suruki. Tun da aka kawo ta gidan ban taɓa taka wannan ɗaki ba, ita ma in ta hange ni durƙusawa take ta sunkuyar da kai. Sai na zura bakin igiyar ta taga, na yi gyaran murya.

"Kai, karɓi. Ka soka shi bayan akwati."

"To, Yaya."

Na ji maganganu ƙasa-ƙasa a ciki, har da muryar Inna, amma ban tsaya saurare ba. Ba halina ba ne. Can ya ce, "Ya shiga, Yaya. Har ya yi ƙas."

Na koma na kunna ordinata. Ba ta kawo komai ba.

Ban damu ba da farko. Na ɗauko takarda da biro, na ja layi, na rubuta lambobi. Na ɗaya, wuta: batirina cike yake. Na biyu, bakin kabul a bayan ordinata: na cire, na hura, na mayar, ƴar fitila koriya ta kama tana ƙiftawa, alamar igiya tana da rai har can ƙarshenta. Na uku, kashewa da kunnawa: na yi sau uku, ina ƙirga sittin a tsakani. Na huɗu, na ɗauki tsani na bi igiyar taki-taki ko ƙusa ta huda ta, ko akuya ta kai mata baki a inda katanga ta yi ƙasa. Lafiya lau take. Na biyar, na shiga cikin ordinata inda ake saita rezo. Ta rubuto mini da Faransanci cewa ta ga hanya amma ba ta san inda hanyar ta nufa ba. Na canza abin da na gane, na mayar da abin da ban gane ba yadda na same shi. Kwana shida ina wannan.

A lamba ta shida na rubuta: Auta. Na tare shi a zaure yana ɗaure kwalaye a bayan babur.

"Kabul ɗin nan, ka tabbata ka sa shi?"

"Na sa, Yaya. Shina nan inda na sa shi."

"Ba ka sa wani kod, lambar sirri, da zai hana ni ba?"

Ya yi dariya. "Kod kuma? Ni da ko sunana sai na yi da gaske nike rubutawa? Yaya, wata ƙila tsohuwar taka ce ta gaji. Ku bar ta ta huta, ta yi ma gwamnati aiki."

Ban yi dariya ba. Na tafi da tabbacin cewa da gangan ya toshe ni, don kada Inna ta bar ƙofarsa.

Ya ƙara da wata magana da ban ba ta muhimmanci ba a lokacin. Ya ce kwanakin nan rezo ya lalace, da hantsi sai ya ɗauke gaba ɗaya, sai azahar ya dawo. Da hantsi nake zama aiki. Da azahar nake kashewa. Mutumin da ke alfahari da bin abu daki-daki ya kamata ya haɗa waɗannan biyun tun a zaure. Ban haɗa ba sai ranar Juma'a.

Ran nan bayan la'asar an kira Kwatano, dariya ta fara tashi ta kan katanga. Na ce bari in sake gwada lamba ta uku. Na danna maɓalli, ordinata ta yi gurnaninta na tashi. Kafin gilashi ya gama haske, dariyar ta tsaya. Na ji Auta yana "Alo, alo." Na ji Inna tana tambaya ina ta tafi. Sai na kashe. Ba a jima ba na ji muryar ƙanwarmu ta dawo, Inna tana cewa, "Yawwa, ga ta." Na sake kunnawa. Shiru.

Ban san dalili ba, amma na gane abu ɗaya: in tawa ta tashi, tasu ta kwanta.

Abin da ya kamata in yi a bayyane yake. Sai in rubuta shi a lamba ta bakwai, in je in gaya wa Auta. Ban rubuta ba. Na bar ordinatar a kunne har aka kira magariba, ina zaune gaban gilashin da babu komai a cikinsa, ina jin an naɗe tabarma a yamma. Juma'ar da ta biyo na jira sai da dariya ta yi ƙarfi, sannan na danna. Na gaya wa kaina gwaji nake, ai ba a tabbatar da abu da gani ɗaya. Juma'a ta uku ban ma nemi abin da zan gaya wa kaina ba.

A wannan ta ukun ne Inna ta taso da wuri. Hanyar ɗakinta ba ta bi ta ƙofata, amma ta biyo. Akwai tunkiyata ɗaure a turke kusa da ƙofar. Ta tsaya ta gyara mata igiya, tana ba ni baya, ta ce wa tunkiyar, "Yau ma ta tahi ba mu yi sallama ba. Ta ce ɗiyarta ba lahiya, sun kai ta likita. Ban ji mi likita ya ce ba." Ta wuce.

Na miƙa hannu na kashe. Amma an riga an watse.

Ranar kasuwa na ninke takardata na tafi wurin wani mai gyaran salula da ke da rumfa kusa da tasha. Bazabarme ne, mutumin Bonkuku, ya yi shekaru yana wannan aiki a Yamai kafin ya dawo. Na taɓa buga masa takardar neman wurin rumfar, tun daga nan yake ce mini Baba Sakatare. Na karanta masa lambobina ɗaya bayan ɗaya yana kwance wata salula, bai ɗago ba.

"Shi ke nan?" ya ce.

"Akwai saura." Na ninke takardar. "In na kunna tawa, wifi na gidan duka sai ya ɗauke."

Sai ya ajiye abin da ke hannunsa. "To ai da wannan za ka fara, Baba Sakatare. Ka kawo mini kan rago a ƙarshe. Tun yaushe ka gane haka?"

"Ya ɗan jima."

Ya dube ni ta saman tabarau, bai ƙara tambaya a kan wannan ba, na kuwa gode masa a raina.

"Ramin da aka soka kabul a bayan akwati, wane launi ne?"

"Ban gani ba."

"Ba ka gani ba. Igiya mai baki biyu, ka duba ɗaya sau goma, ɗayan ko sau ɗaya?"

"Ɗakin matar ƙanena ne."

Ya kama baki yana dariya har kafaɗunsa na rawa. Ya jawo wani mataccen akwati daga ƙarƙashin tebur, ya juya mini bayansa. Ramuka biyar ne. Huɗu ruwan ɗorawa, a jere, manne da juna. Ɗaya shuɗi, a gefe shi kaɗai, shi ne na farko daga hagu.

"Waɗannan huɗun hannuwa ne, bayarwa suke. Wannan shuɗin baki ne, karɓa yake. An yi shi don gidan da rezo ke shigowa ta igiya daga waje. In ka soka ordinata a nan, da ta tashi sai akwati ya zaci an kawo masa babban rezo, ya saki sim ɗinsa, ya buɗe baki yana jira. Ita ma tana can ta buɗe nata. Baƙi biyu ke nan a gida ɗaya, kowa na jiran ɗan'uwansa ya kawo tuwo. Su kuma masu salula su kwana da yunwa."

Na rubuta wannan a lamba ta bakwai, ko da yake wurinsa lamba ta ɗaya ne.

Da na isa gida ban cire takalmi ba na wuce yamma, na tsaya nesa da ƙofa na yi sallama. Matar Auta ta durƙusa ta gaishe ni ta shige madafa. Inna tana zaune a inuwa tana tsince yakuwa a faifai. Ta ja mayafi. Auta ya leƙo ta taga, na ce masa:

"Kai, fito mini da akwatin nan bakin taga. Kada ka cire komai."

Ya ɗora shi a kan taga, ya juyo bayansa waje. Igiyata tana cikin shuɗin rami. Huɗun nan suna nan wayam.

Na yi masa magana mai zafi. Na ce ramuka huɗu a buɗe, ya rasa inda zai sa ni sai inda ba a samun komai. Na ce in ba ya son in sha rezonsa, da ya faɗa mini tun ban hau tsani ba. Na faɗi wasu abubuwan da suka girmi akwatin da shekara talatin. Ya bar ni na gama.

"Yaya, ni cikin huɗun nan na so in sa. Inna ta hana."

Na dubi Inna. Ba ta ɗago ba.

"Ta ce in nuna mata ramukan. Na nuna mata. Ta ce waɗanga huɗu da ke cunkushe kamar ƴan tumaki na yara na. Ta ce kai ba a gama ka da yara, a ba ka na hwarko, wanda ke shi kaɗai. Ni kuma na ga ya shiga daidai."

Inna ta karkaɗe faifai. Ta juya wajen madafa, ta ce wa matar Auta, wadda ba a ko ganin ta, "Ni ban yi karatun lakwal ba. Na dai san babba ba ya cin kwano guda da yara."

Na tsaya da takarda a hannu. Shekara sittin da wani abu ina jiran wata alama daga wannan baiwar Allah, ashe ta ba da ita tun mako huɗu, ta rataya a bayan akwati a ɗakin da ba na shiga. Ita ce kuma ta hana ni rezo.

"A wane zan mayar, Yaya?"

"Cikin huɗun. Na ɗaya."

Ya cire ya soka. Na koma gabas na kunna. Kafin in zauna sosai, gilashi ya cika. Na leƙo ta kan katanga na ce ya duba salularsa. Ya ce tana nan da ranta. Igiya na aiki, iska na aiki, ba wanda ya kwanta don wani ya tashi.

Da yamma ya zo ya taya ni maƙala kamara. Yana ɗaure ta, bai dube ni ba, ya ce, "Juma'a ukun nan, Yaya, tsohuwar taka ta san la'asar ƙwarai. Gurnaninta har wajenmu ake ji." Bai ƙara ba, kuma iyakar sanina bai gaya wa Inna ba. Wannan ma na ji haushinsa, don ya fi ni a nan.

Ranar Juma'a na share ɗaki tun da safe, na yayyafa ruwa, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na sauko da gilashin kan ƙaramin tebur daidai idon mai zama a ƙasa. Bayan la'asar na ji takunta, da na Auta a bayanta. Ta zo bakin ƙofa ta tsaya. Na ce bismilla. Ba ta motsa ba, tana kallon tunkiya. Muka yi haka har Auta ya fara soshe ƙeya.

Sai na gane. Na sa takalmina na fito, na zagaya bayan ɗaki na zauna a gindin itacen bedi, ƙarƙashin taga. Ina zama na ji ta shiga.

Auta ne ya zauna a kujerata ya kira Kwatano. Na ji Inna ta ja numfashi, ta ce, "Ikon Allah. Ga ki nan duka, har da kunnuwa." Yarinyar ta warke, zazzaɓi ne, an ɗago ta ta gaishe da kakarta. Sai ƙanwarmu ta ce, "Inna, yau ina kike? Ban gane bangon ba."

"Ɗakin wancan."

"Ɗakin Yaya? Ke?"

"Shi ya ja igiyar da hannunshi, tun daga can. Ya hau tsani, da girmanshi." Sannan ta kira Auta da ɗaya daga cikin sunayen nan uku, ta ce ya ƙara murya. Dariya ta tashi. A gabas ta tashi wannan karon, a ɗakina, ni kuma ina jin ta ta bango kamar dā.

Daga baya hanya ta samu, ƙanwarmu ta zo ta koma, amma Juma'a ba ta canza ba. Ni nake sharewa, ni nake kunnawa, ni nake duba lambobina daga ɗaya zuwa bakwai, yanzu da shuɗin rami a sama. Sannan in fita gindin bedi. Auta ya zauna a kujerata, har ya saba jingina ta da bango, abin da na hana kowa yi.

A waccan Juma'ar ta farko da Inna ta shiga ɗakina, da suka gama na jira sai da takunta ya yi nisa na shigo. A kan tebur, kusa da ordinata, akwai ƴar ƙwarya rufe da faifai, da fura a ciki, an dama da nono mai kauri. Ba ta ce ta wane ce ba. Auta yana tsaye ya riga ya ɗaga faifan, yana neman ludayi.

Na ce, "Ajiye."

Ya ajiye.